Daga Gidan Biskit Zuwa Ginin Tubali: Darasin Da Ke Cikin Wasan Yaran Gabukka

Duk ranar da aka ɗauke ruwan sama a unguwar Gabukka da ke cikin garin Gombe, kafin rana ta busar da ƙasa, yara sun riga sun tsugunna a gefen lungu suna kwaɓa laka. Wani ya kewaye fili da katanga mai tsawon ɗan yatsa, wani ya tsinko karare ya jera a matsayin rufi, wata yarinya kuma ta dage sai an fitar mata da madafi da ɗakin 'yar tsanarta. Kafin a kira sallar la'asar an gama gida sukutum, da zaure da tsakar gida da rumbu. Galibi ladan da suke samu wurin manya shi ne tsawa, don sun ɓata tufafi.

Abin da manyan ba su cika lura da shi ba shi ne, irin wannan wasa ne ƙwararrun masu zayyana gine-gine suke yi a wasu manyan biranen Turai a ƙarshen shekara, har jama'a su biya kuɗi su shiga kallo. Bambancin kawai shi ne su da biskit suke ginawa, yaran Gabukka kuwa da ƙasa. Kuma tambayoyin da Turawan suke nema wa amsa da gidajen biskit ɗin su ne ainihin waɗanda ke damun magidancin Gombe: yaya za a yi gida mai sanyi ba tare da dogaro da lantarki ba, wanda ruwa ba zai ci shi ba, wanda kuma kuɗinsa ba zai karya mai shi ba?

ASALIN GIDAN BISKIT

Wannan biskit ana yinsa ne da garin alkama da zuma ko baƙin sukari, a zuba citta da girfa da kanumfari, a murza shi fale-fale, a gasa har ya yi tauri. Duk wanda ya san ƙanshin nakiya ko na kayan garar amarya ba zai ji shi baƙo ba, domin kayan yajin ɗaya ne. Ita kanta cittar, Nijeriya tana cikin ƙasashen da suka fi noma ta a duniya, musamman a yankin Kachiya da Kafanchan da ƙasar Jaba a kudancin Jihar Kaduna. Birnin Nurambag na ƙasar Jamus ya yi ɗaruruwan shekaru da shahara wajen gasa irin wannan biskit.

A shekarar 1812 wasu 'yan'uwa biyu Jamusawa da ake kira Grimm suka buga littafin tatsuniyoyin ƙasarsu. A ciki akwai labarin Hansel da Gretel, yara biyu da suka ɓace a daji suka tarar da gidan mayya wanda aka gina da burodi da kayan zaƙi. Bayan yaɗuwar wannan tatsuniya ne al'adar gina ƙananan gidaje da biskitin citta ta bunƙasa a Jamus a lokacin bikin Kirsimeti, daga nan ta bi 'yan ci-rani zuwa Amurka da sauran wurare.

Sannu a hankali abin ya wuce wasan cikin gida. A birnin Bergen na ƙasar Norwe, tun daga shekarar 1991 'yan makaranta da iyalai da ma'aikatu suke haɗa gidajensu wuri ɗaya su zama gari guda. A Jihar Teksas ta Amurka kuwa, a 2013, an gina wani gidan biskit mai tsawon ƙafa 60 da faɗin ƙafa 42, wanda ya ci ƙwai 7,200, aka tara kuɗin shiga kallonsa don taimakon wani asibiti.

Amma wanda ya fi dacewa da zancen nan shi ne na birnin Landan. Tun daga 2016 wata cibiya mai wayar da kan jama'a game da zanen gine-gine ta fara gayyatar kamfanonin masu zayyana da injiniyoyi, a raba musu filaye a kan taswira kamar yadda hukumar tsara birni take yi, kowa ya gina nasa da biskit da alewa. Kowace shekara da batun da ake ɗora garin a kansa. A 2023, alal misali, batun shi ne ruwa a cikin birane, watau yadda za a zauna lafiya da ambaliya da kuma ƙarancin ruwa. Manufarsu ita ce, yaron da ba zai taɓa karanta rahoton injiniya ba, zai tsaya gaban gidan alewa ya tambayi dalilin da ya sa aka ɗaga shi daga ƙasa.

ABIN DA BISKIT KE KOYARWA

Mai gina gidan biskit ba ya fara kwaɓi sai ya zana komai a kwali, ya yanka, ya gwada ya ga bango ya dace da bango. Idan ya gasa, sai ya bar su su huce su bushe sarai. Sannan ya kaɗa farin ƙwai da garin sukari, wannan shi ne simintinsa. Ya tsayar da bangaye, ya jira sa'o'i su kama, kana ya aza rufi. Mai gaggawa, wanda ya ɗora rufi a kan ɗanyen bango, kafin ya juya sai ya tarar da tsibi. Haka nan wanda ya cika wa rufi ado har ya fi ƙarfin abin da ke ɗauke da shi.

Babban abokin gaban wannan gida kuwa shi ne danshi. Idan iskar ɗakin ta yi laima, biskit zai sha ta ya yi laushi, bango ya lanƙwashe. Mai tattali kuma ba ya zubar da gutsattsarin ƙullu, sake murza su yake yi ya fitar da ƙofa ko taga.

To, duk wanda ya taɓa zama kusa da maginin gargajiya ya san babu ɗaya daga cikin waɗannan ƙa'idoji da yake sabo. Auna kafin ka fara, bar ƙasa ta bushe, kada rufi ya fi ƙarfin bango, tsare gini daga ruwa, kada ka zubar da abin da za a sake amfani da shi. Abin da masana na zamani suke kira gini mai ɗorewa, watau wanda ake yi da kayan da ke kusa, wanda ba ya cin makamashi da yawa, wanda kuma idan ya tsufa ba ya zama shara, shi ne sana'ar da magina suka gada kaka da kakanni a ƙasar Hausa da maƙwabtanta.

YADDA MAGINAN GARGAJIYA KE AIKI

Aikin gini na rani ne. Da kaka ta wuce sai a haƙo jar ƙasa, a jiƙa ta, a tattaka, a zuba ciyawar ramno ko kashin dawaki, a bar ta ta kwana ta ruɓa, a sake jiƙawa a sake tattakawa, har sai ta yi danƙo. Daga cikinta ake mulmula tubali da hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai, a jera a rana ya yi kamar mako biyu. Wurin aza shi, magini yana zaune a kan katanga, yaransa suna jefo masa tubali da curin ƙasa daga ƙasa, yana cafewa yana jerawa. Ba ya yin sahu da yawa a yini ɗaya, sai na jiya ya sha iska. Bangon kuma kauri yake farawa daga tushe, yana sirancewa yayin da yake hawa, don nauyin ya zauna a ƙasa.

Idan an zo rufi sai a nemi azara, wadda ake tsagawa daga kututturen giginya. Darajarta ita ce gara ba ta cika cinta ba. Amma azara ɗaya ba ta ɗaukar nauyin ƙasa idan tazarar ta wuce kamar ƙafa shida, saboda haka magina suka ƙirƙiro dabarar jera ta a kusurwa, wata bisa wata, da kuma ɗaure ta su fitar da bakan gizo, wanda ke ba su damar rufe babban zaure ba tare da ginshiƙi a tsakiya ba. A kan azara ake shimfiɗa zana ko asabari, sannan a zuba ƙasa a daddaɓe, a karkata ta wajen indararo don ruwa ya sauka nesa da bango.

Saura kariya daga damina. Ana jiƙa kwasfar ɗorawa a sami makuba, a kwaɓa da ƙasa a yi yaɓe, ruwa ya riƙa zamewa. Akwai kuma laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin da majema suka kankare da kuma ruwan saiwar dafara, a shafe rufi da shi. Mai karatu ya lura: abin da marini ya zubar da abin da majemi ya yar, su ne magini ya mayar abin tsare rufi. Kuma da yake hadari a wannan yanki daga gabas yake tasowa, bangon gabas ne aka fi ba kulawa.

Amfanin wannan kauri yana bayyana ne a bazara. A Gombe, cikin watannin Maris da Afrilu, zafi yakan kai digiri 40 a ma'auni. Bangon ƙasa mai kauri ba ya barin zafin ya ratsa shi nan da nan. Yana shanye shi ne a hankali duk yini, ta yadda tsakar rana ɗaki yana da sanyi, sai dare ya yi ya fara sakinsa, lokacin da mutanen gida suka fito tsakar gida shan iska. Da hunturu kuma wannan ɗumin da bango ya adana shi ne bargon masu ɗaki. Ƙananan tagogi suna rage ƙura da hasken rana, itacen da ke tsakar gida yana ba da inuwa, zaure kuma yana tsare mutuncin iyali tare da saukar baƙo. Idan gida ya tsufa ya faɗi, ƙasarsa ce za a sake jiƙawa a tayar da sabo.

Shaidun ƙarfin wannan sana'a suna da yawa. Gidan Rumfa a Kano ya samo asali tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Hasumiyar Gobarau tana Katsina. Hasumiyar masallacin Agadas a Jamhuriyar Nijar tsawonta mita 27 ne, kuma a 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon birnin cikin wuraren tarihi na duniya. A Jos akwai gidan adana fasahar gine-ginen gargajiya, inda aka kwaikwayi wasu daga cikin waɗannan gine-gine da girmansu, bisa aune-aunen da masanin nan ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, ya yi shekaru yana tarawa.

YADDA GOMBE TA KOMA BULO DA KWANO

Garin Gombe na yanzu ba tsoho ba ne idan aka kwatanta shi da Kano ko Katsina. Modibbo Buba Yero, wanda ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a Gombe Abba ya kafa hedkwatarsa. Turawan mulki suka mayar da ita Nafada a 1913, sannan a 1919 aka dawo da ita Doma, inda garin yake a yau. Cinikin auduga da gyaɗa ya jawo Fulani da Hausawa da Bolawa da Terawa da Tangale da Barebari da sauransu, kowa ya zo da irin gininsa. Jirgin ƙasa ya iso a farkon shekarun 1960, ya sauƙaƙa shigowar kwano da siminti. A 1979 kamfanin siminti na Ashaka, kusa da Bajoga, ya fara aiki. Sai kuma ranar 1 ga Oktoba, 1996, aka cire Jihar Gombe daga Bauchi, garin ya zama babban birnin jiha. Ma'aikata da 'yan kasuwa suka kwararo, daga baya kuma waɗanda rikicin Boko Haram ya raba da gidajensu a jihohin Borno da Yobe da Adamawa suka ƙaru a kai.

Unguwanni irin su Gabukka da Pantami da Bolari suka cika suka batse. Filin da a da gida ɗaya ne da tsakar gidansa, aka yanka shi gida-gida, ko aka jera ɗakunan haya. A irin wannan matsi, bulon siminti ya fi dacewa da buƙatar mai fili: siriri ne, ba ya cin wuri, ana aza shi rani da damina, kuma ba ya neman yaɓe kowace shekara. Bugu da ƙari, sai ya zama alamar arziki. Mai neman aure da aka ce gidansu na ƙasa ne yakan ji kamar an rage masa daraja.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Ɗakin bulo mai rufin kwano, musamman wanda ba a yi masa silin ba, da hantsi ya ɗaga ya zama tanda, kuma ba ya hucewa sai dare ya raba. Mai shi ya koma dogaro da fanka, fanka kuwa sai da wuta, wutar kuma ba kullum ba. Tsofaffi da jarirai da marasa lafiya su ne suka fi jin jiki. Ga kuma tsada: a farkon shekarar 2024 farashin buhun siminti ya haura Naira 10,000 a sassa da yawa na ƙasar nan, gine-gine da dama suka tsaya a iya taga.

Akwai kuma hasarar da ba a gani da ido. Kafin a sami siminti sai an ƙona farar ƙasa a zafin da ya kai wajen digiri 1,450, kuma masana sun ƙiyasta cewa masana'antar siminti ita kaɗai tana fitar da kimanin kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na iskar kabon da ɗan Adam ke saki, wadda ke ƙara ɗumama duniya. Watau ana gina ɗaki mai zafi da abin da ke ƙara wa duniya zafi.

INDA GININ ƘASA YA GAZA

Ba adalci ba ne a yabi ginin ƙasa a ɓoye aibinsa. Kamar gidan biskit, ruwa ne ajalinsa. Idan ruwa ya kwanta a gindin katanga, ƙasa za ta sha ta yi laushi, nauyin sama ya danne ta, kuma sau da yawa da dare abin yake faruwa, mutane suna barci. Kusan kowace damina sai an ji labarin irin wannan rashi a wani gari na Arewa. Mutanen Gombe ba su manta da ambaliyar watan Agusta na 2004 ba, wadda ta ci rayuka ta rushe gidaje masu yawa.

Yanayin garin ma ya ƙara tsananta lamarin. Gombe tana cikin kwari ne, ƙasarta kuma yashi ya yi mata yawa, ruwa yana gangarowa daga tudu da ƙarfi ya yanka kwazazzabai a tsakiyar unguwanni. Gwamnatocin jihar sun kashe kuɗi mai yawa, da taimakon Bankin Duniya, wajen ɗaure wasu daga cikin manyan kwazazzaban, kamar wanda ya bi ta Jami'ar Jihar Gombe da unguwar Malam Inna. A bakin kwazazzabo kuwa, ruwa ba ya tambayar ko gida na bulo ne ko na tubali.

Ko manyan gine-ginen tarihi ba su tsira ba. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu cikin shekarun 1830, masana sun daɗe suna ɗaukarsa ƙololuwar fasahar ginin Hausa. A watan Agusta na 2023 wani sashensa ya rufta a kan masallata, aka yi hasarar rayuka. Ginin ƙasa yana iya kusantar shekara 200, amma fa yana bukatar idon da ke duba shi da hannun da ke gyara shi. Abin da ya sa babban masallacin Jenne a ƙasar Mali, wanda aka sake ginawa a 1907, yake tsaye shi ne, kowace shekara mutanen gari suna fitowa kwansu da kwarkwatarsu su yi masa yaɓe.

Har ila yau, giginya ta yi ƙaranci, kuma itace ne mai daɗewa kafin ya isa sara. Ramukan da ake haƙar ƙasa suna zama kududdufai, matattarar sauro da haɗari ga yara. Su kansu gwanayen magina suna ƙarewa, 'ya'yansu sun koma aza bulo ko tuƙa babur.

TSOHUWAR ZUMA A SABUWAR ƘWARYA

Waɗannan matsaloli duk an yi nazarinsu, kuma an sami hanyoyin rage su. Tun cikin shekarun 1940 masanin Masar Hassan Fathy ya gina ƙauyen Sabuwar Gurna da tubalin ƙasa, yana mai nuna cewa talaka zai iya mallakar gida mai kyau da abin da ke ƙarƙashin ƙafarsa. A cikin shekarun 1950 aka ƙirƙiro wani injin hannu a ƙasar Kolombiya mai matse ƙasa ta fito bulo mai kusurwa huɗu. Idan aka gauraya ƙasar da ɗan siminti kaɗan, kamar kashi 5 zuwa 8 cikin 100, bulon yakan yi ƙarfi ya jure ruwa, ba tare da an ƙona shi ba.

A garin Yama na yankin Tawa a Nijar, magini Falke Barmu ya fara ginin masallacin Juma'a da ƙasa a 1962, kuma a 1986 ginin ya sami lambar yabo ta Aga Khan. A ƙauyen Dandaji na wannan yankin, Mariam Kamara 'yar Nijar da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sun mayar da tsohon masallacin ƙasa ɗakin karatu, suka gina sabon masallaci da matsattsen bulon ƙasa, aka kammala a 2018, kuma maginan garin ne suka yi aikin. A Nijar ɗin dai an horar da magina da yawa dabarar rufe ɗaki da ƙubba ko baka na tubali zalla, ba azara ba katako, don a huta da saran itatuwa.

A Burkina Faso, Francis Kéré ya gina wa ƙauyensu Gando makarantar firamare a 2001 da bulon ƙasa. Dabararsa mai sauƙi ce: ya yi silin na bulo, sannan ya ɗaga rufin kwano sama da shi, ya bar tazara iska tana ratsawa, ya kuma faɗaɗa kwanon ya zarce bango don ya kare shi daga ruwa da rana. A 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi lambar Pritzker, wadda ita ce mafi girma a fagen zanen gine-gine a duniya. Darasin da ke cikin aikinsa shi ne, kwano da siminti ba abokan gaba ba ne, wurin da ya dace da su ne ba a sa su.

ABIN DA ZA A IYA YI A GABUKKA

Ba wanda zai ba makarantun Gombe shawarar su sayi fulawa da sukari da ƙwai don yara su yi gini. Tarbiyyar mutanen nan ba ta yarda a yi wasa da abinci ba, kuma a halin da magidanta ke ciki, buhun fulawa ya fi ƙarfin wasa. Amma hikimar da ke bayan gidan biskit, watau a koyar da babban al'amari ta hanyar ƙaramin abin da yaro yake so, ba ta bukatar fulawa. Yaran Gabukka ma sun fi na Landan sa'a, domin abin da suke wasa da shi shi ne ainihin abin da ake gini da shi.

Malamin firamare zai iya raba aji ƙungiya-ƙungiya, kowace ta gina ƙaramin gida a kan faifan katako. Wasu su yi bango mai kauri, wasu siriri. Wasu su rufe da gwangwanin da aka buɗe, wasu da kara da ƙasa, wasu su haɗa biyun su bar tazara a tsakani. A ajiye su a rana, a sa ma'aunin zafi a cikin kowanne da azahar, yara su rubuta abin da suka gani. Sannan a kawo butar ban-ruwa a yi musu damina, a ga wanda aka aza a kan duwatsu da wanda aka aza a kan ƙasa, wanda rufinsa ya zarce bango da wanda bai zarce ba. Yaron da ya ga gidansa ya narke daga gindi ba zai manta da muhimmancin harsashi ba har ya tsufa. Alƙalan gasar kuwa, a gayyato tsofaffin maginan unguwa, a zaunar da su a kujerar girma, yara su ji sunayen makuba da laso da bakan gizo daga bakin masu su. Kwalejin Ilmi ta Tarayya mai horar da malaman fasaha da ke Gombe tana da hannun da za ta iya sawa a irin wannan shiri.

Hukuma ma tana da rawar takawa. Muddin ba a ga ajin makaranta ko ɗakin shan magani na gwamnati da aka gina da matsattsen bulon ƙasa ba, jama'a za su ci gaba da ɗaukar ƙasa a matsayin kayan wanda ya rasa. Shirin dashen itatuwa da Gwamnatin Jihar Gombe ta ƙaddamar a 2019 ya nuna ana iya tara jama'a a kan batun muhalli. Zai yi kyau giginya da ɗorawa su sami gurbi a irin wannan dashe, ko da yake ba wanda ya dasa ne zai ci moriyar azararsu ba, jikokinsa ne.

Shi kuma mai shirin gini, ko da bulon siminti zai yi, akwai abin da zai ɗauka ba tare da ƙarin kuɗi mai yawa ba. Ya guji hanyar ruwa komai arahar filin. Ya ɗaga harsashi da dutse da siminti ya wuce inda ruwa ke kaiwa. Ya juya ɗakuna ta yadda dogayen bangaye za su fuskanci kudu da arewa, don rana ta gabas da ta yamma ita ce mai dukan bango kai tsaye. Ya fitar da tagogi masu kallon juna, ya yi silin, ya bar kafar da zafi zai fita a ƙarƙashin kwano, ya bar bakin rufi ya zarce. Ya tara ruwan indararo a tanki maimakon ya sake shi ya ci lungu. Kada kuma ya shafe tsakar gida duka da siminti, ya bar wurin itace ɗaya da inda ƙasa za ta sha ruwa.

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Cikin yaran da ke tsugunne a lungunan Gabukka akwai waɗanda nan da shekara 20 su ne za su riƙe awo da cebur, wasu kuma su ne za su sa hannu a takardar izinin gini. Idan an ɗauke ruwa aka gan su sun duƙufa a kan laka, kafin a daka musu tsawa, yana da kyau wani babba ya durƙusa ya tambaye su ta ina ruwa zai fita daga wannan gida, kuma ɗakin wa zai fi sanyi.